Sabon moto 540 na motar rimot: a tsoma shi a ruwa, ko a bar shi ya juya a bushe?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar masana nake nema. Akwai moto biyu sababbi fil a hannuna, ba wanda aka taɓa jona wa batir. Na farko mai farin gwangwanin nan ne, 540 mai 27T, wato naɗin waya zagaye 27, wanda bayansa a liƙe yake ba ya kwancuwa, zai shiga motar rimot Tamiya TT-02. Na biyu 540 ne mai 35T, da boris gaba da baya, ana iya kwance murfinsa a ciro kabon, shi kuma na motar hawan duwatsu ne. Batirin LiPo ne 2S, wato mai sel biyu.

Abin da ya ɗaure min kai, wasu sun ce a ɗaura a taka kawai. Wasu sun ce sai an bar shi ya yi ta juyi a ƙaramar wuta, kamar injin da aka yi wa ringi aka bar shi a silo. Wasu kuma har cewa suke a tsoma shi a kofin ruwa yana juyawa. Wuta da ruwa? Don Allah wanne ne daidai, wuta nawa, minti nawa, kuma ta yaya mutum zai gane aikin ya yi? Sannan in nan gaba an koma burushles, wato moto marar kabon, shi ma sai an yi masa haka? Allah Ya saka da alheri.

Mai_Naɗin_Koyil:

Wa alaikumus salam Malam. Kafin a zo maganar minti, a fara sanin abin da ake gyarawa, don ba irin na injin babur ba ne. Nan babu fistin, babu ringi. Wuri ɗaya ne yake buƙatar zama: inda kabon biyu suke gogar komuteta, jan ƙarfen nan mai zagaye da ke bayan amecha (ɓangaren ciki mai juyawa), wanda aka tsaga gida uku, a wasu na hawan dutse gida biyar. Komuteta a zagaye take, kaurinta bai kai santimita ɗaya ba. Fuskar sabon kabon kuwa ko dai a shafe take, ko an ɗan lanƙwasa ta a masana'anta amma lanƙwasar ba ta hau wannan komutetar daidai ba. Saboda haka inda suka haɗu ɗan siririn layi ne kamar zare, ko gefuna biyu kawai. Duk wutar da moton zai sha ta nan za ta bi.

In kana juya shi a hannu ba komai. Amma ka ɗaura shi a mota ka danna maƙura daga tsaye, a wannan daƙiƙar 27T yana iya zuƙar amfiya gommai. Wuta mai yawa a wuri ƙarami, sai zafi da tartsatsi. Tartsatsin ya ƙona bakin tsagin komuteta ya bar ƙananan ramuka, ramukan su sa kabon ya riƙa tsalle, tsallen kuma ya ƙara tartsatsi. Bakin kabon shi ma ya ƙone ya yi tauri, daga nan ba ya ƙara cinyewa yadda ya kamata, sai ya koma kankare jan ƙarfen. Ba wai moton zai mutu a ranar ba. Zai yi aiki, amma da zafi fiye da kima, da ƙarancin ƙarfi, kuma kwanansa ya ragu. A mai kwancuwa ana iya gyara wannan daga baya. A mai liƙaƙƙen gwangwani kuwa komutetar da ka ɓata ita ce za ka zauna da ita har ka jefar da shi.

To aikin shi ne a bar kabon ya cinye a hankali har fuskarsa ta ɗauki zagayen komuteta, a wutar da ba ta kai ta yi tartsatsi ba.

Ka cire finiyon, wato ƙaramar giyar da ke kan sandar moto, kada a bar komai a kan sandar. Ka ɗaure moton a kan ɗan katako da robar tayar keke ko igiyar roba, kada ka toshe ramukan shan iska. Ban da matse shi a bais: gwangwanin siriri ne, yana lotsewa, maganaɗisun ciki kuma yana tsagewa kamar tangaran. Ka share teburin tukuna, don duk garin ƙarfen da ke kusa sai ya shige ciki ya manne. Ɗigon mai ɗaya a bushin na gaba, ɗaya a na baya, wato zobban da sanda ke juyawa a ciki. Man keken ɗinki ya isa. Ɗigo ɗaya na ce, kuma da tsinke za ka ɗiga, musamman a baya, dalilin yana zuwa.

Wuta tsakanin 2V da 3V ita ce mafi kyau, kada ta wuce 4V. Manyan batiran rediyo biyu a jere suna ba da 3V, sai dai masu arha suna saurin yin sanyi, don moto irin wannan ko babu kaya yana shan amfiya ɗaya zuwa biyu. Batirin NiMH biyu ko uku, wato 2.4V ko 3.6V, sun fi su riƙe wuta. 18650 guda ɗaya, irin na cikin tsohon batirin laftof, shi ma yana yi, amma in a cike yake 4.2V ne, gara wanda ya ɗan sauka zuwa 3.6V, kuma ka tsaya kafin ya faɗi ƙasa da 3V. Wanda ke da tsohon fawa-saflai na kwamfutar tebur ya huta: jona koriyar waya da baƙa ya tashi, waya mai launin ruwan lemo da baƙa su ba ka 3.3V mai ƙarfi da ba ta rawa. Cajar waya ba ta yi. 5V ce, ta yi yawa, kuma zuƙar farko da moton zai yi tana sa ta yanke. In babu ko ɗaya, ana iya amfani da ESC ɗin motar, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, a ɗaga tirim, maɓallin saita maƙura a rimot, zuwa kamar kashi ɗaya cikin biyar na maƙura. Wannan shi ne na ƙarshe a zaɓi, saboda ESC ba rage ƙarfin wutar yake ba, datsa ta yake gutsi-gutsi, kowane gutsure yana zuwa da cikakken 8.4V na batirin.

Ɓangaren juyi yana da muhimmanci. Kabon yana zama ne daidai da inda ake jan sa, gefen da komuteta ke shigowa daban, gefen da take fita daban. Ka fara gano ta ina moton zai juya idan motar tana tafiya gaba, ka zana kibiya a jikin gwangwani da maka, ka yi aikin ta wannan ɓangaren. A masu farin gwangwani akwai jan ɗigo kusa da ƙafar da ke karɓar fozitif, amma kada ka dogara da shi kaɗai, wasu motocin giyarsu tana buƙatar juyi ta baya.

Lokaci kuwa kabon ne zai gaya maka, ba agogo ba. Mai 35T ɗin nan da alama kabonsa mai laushi ne, wataƙila ma mai zane-zane a fuska kamar haƙoran zarto. An yi zanen ne don ya cinye da wuri. Ba shi minti uku zuwa biyar, ka tsayar, ka ɗaga sifirin da ke danne kabon ka zaro ɗaya ka duba a haske. Inda ya zauna zai yi santsi da ɗan sheƙi, inda bai taɓa ba yana nan da kaushinsa. In sheƙin ya mamaye kusan duk fuskar daga gefe zuwa gefe, an gama. Ka mayar da kowane kabon gidansa, ta fuskar da ya fito. In ka juya shi ko ka musanya su, ka koma farko. Ɗan karce da allura a bayan na fozitif yana hana ruɗewa.

Mai farin gwangwani kabonsa tauri gare shi, yana iya cin rabin awa, wani har awa ɗaya ko fiye. Ka riƙa ba shi minti goma kana hutar da shi biyar, kana taɓa jikinsa. Ɗumi ba laifi, amma a 3V babu kaya bai kamata ya yi zafin da za ka janye hannu ba. Tunda ba ya buɗuwa, ta ramukan gefen baya za ka leƙa da tocilar waya. Za ka ga ƙananan kabon biyu a kan wasu siraran hannuwa na ƙarfe. Da farko akwai ɗan gibi mai siffar jinjirin wata tsakanin kabon da jan ƙarfen. Gibin nan ne kake jira ya rufe. Kashe fitilar ɗaki ka duba yana juyawa: tartsatsin farko mai yawa ne, yana raguwa har ya koma ɗan ƙyalli ko ya ɓace. Kunne ma yana ji, ƙarar tana tashi daga kaushi ta koma zuuu guda ɗaya.

Da an gama a wanke ƙurar kabon. Feshin wanke moto in akwai, in babu sifirit irin na masu gyaran waya, a zuba ta ramukan baya, baki yana kallon ƙasa, har abin da ke fita ya daina baƙi. A bari ya bushe sarai kafin a jona wuta, don tartsatsi ɗaya ya isa ya kama. Ban da fetur. Sannan a sake ɗigon mai ɗaya-ɗaya. Dalilin da ya sa nake ja maka kunne kan man baya: in ya yi yawa yana gangarowa kan komuteta, ya haɗu da ƙurar kabon ya zama baƙin kwaɓi, ya cike tsagin nan uku. Kwaɓin yana ɗaukar wuta, sai gidajen komuteta su haɗe, moto ya riƙa zafi ba gaira ba dalili.

Ɗan_Tsere_27T:

Malam Mai Koyil ya gama magana a kan ta bushe, ba abin da zan ƙara. Amma ta ruwa ba tatsuniya ba ce, kuma ba ganganci ba ne in an san inda ta dace. A 3V ruwa ba zai ja ka ba, ba kuma zai ƙona koyil ba, don wayar koyil a rufe take da fenti mai hana wuta fita.

Abin da ruwan ke yi uku ne, ɗaya ne dai babba. Kabon yana da santsi na kansa, irin na bakin fensir. Yana gogar jan ƙarfe yana shafa masa wani siririn rufi mai ruwan ƙasa, rufin nan kuma shi ke rage cinyewa. Alheri ne a lokacin aiki, amma shi ne ke sa zaunar da kabon mai tauri ya ɗauki awa. Ruwa yana wanke rufin tun kafin ya kafu, sai kabon ya riƙa cinyewa da sauri ninkin-ba-ninkin. Sauran biyun, yana sanyaya wurin ya danne tartsatsi, yana kuma kwashe ƙurar ta fita daga gwangwani. Shi ya sa masu tseren da doka ta tilasta musu moto iri ɗaya mai liƙaƙƙen gwangwani suka riƙe wannan hanya.

Saurin nan kuma shi ne haɗarinta. Mai 35T ɗinka kada ya kusanci ruwa. Boris gare shi, ruwa zai shiga ya kore giris ya bar tsatsa, sannan kabonsa mai laushi ne, a minti kaɗan ruwa zai iya cinye rabinsa. Kuma ma me za ka nema a ruwa, tunda minti biyar a bushe ya ishe shi? Mai farin gwangwani da bushin kaɗai ake yi wa.

Ka sami kofin gilashi ko robar da ake ganin ciki, mai zurfin da zai nutsar da moton duka. Ruwan da aka tace ta tururi ake so, irin wanda ake ƙara wa batirin mota da na sola. A nan ka buɗe ido sosai: a bakin masu shago "ruwan batir" yana iya zama wannan, yana kuma iya zama asid. Ka tambaya da kyau, ka karanta jikin robar. Asid zai gama da moton a take, ya haɗa da hannunka. Ruwan rijiya da na bohal suna da gishiri-gishiri da ke barin farin dabbare a komuteta su hanzarta tsatsa. In ya zama dole, ruwan leda ya fi su, sai dai a wanke da sifirit sosai bayan an gama.

Ka yi wa ƙafafun moton dalma da wayoyi masu tsawon kamar santimita 40, yadda batir zai zauna nesa a busasshen wuri. Batir kaɗai, 1.5V zuwa 3V. Duk abin da ke jone da soket, fawa-saflai ne ko caja, a ajiye shi gefe, haka ma ESC. Rataya moton da wayoyinsa, sanda tana kallon ƙasa ba tare da ta taɓa gindin kofin ba, sannan ka jona. Zai yi feshi, ka sa tsumma a ƙasa. Cikin ƙanƙanin lokaci ruwan zai fara komawa toka-toka. Tokar nan kabonka ne, ba datti ba, ka riƙe wannan a ranka. Daƙiƙa 30, ka cire wuta, ka ɗago, ka leƙa da tocila. Bai rufe ba, ƙara 30. In ruwan ya yi duhun da ba ka ganin moton, canza shi. Na gaske mai kabon tauri yana iya kai wa minti biyar ko fiye a jimla, amma akwai masu kama da shi a kasuwa da kabonsu laushi ne, waɗannan minti ɗaya ko biyu sun gama. Ba ka sanin wanne ke hannunka sai ka duba, don haka kada ka jona ka tafi shan shayi.

Da gibin ya rufe, aikin gaggawa ya fara, don ƙarfen amecha da sandar ba sa jira, kafin gari ya waye sun yi ja. Girgiza shi ruwan ya fita, juya shi a iska a 3V na rabin minti ya watsar da saura, cire wuta, zuba sifirit ya kore ragowar danshi, ka shanya shi a inuwa mai iska ko gaban fanka awa ɗaya. Sai mai. Bushin ɗin nan na tagulla ne mai ƙananan ƙofofi kamar soso, mai yake riƙewa a cikinsa, ruwa da sifirit kuma sun rage shi. Ɗiga, juya sandar da yatsa, bar shi ya tsotse minti goma, goge abin da ya rage. WD-40 ba mai ba ne a wannan wurin, yana bushewa ya bar bushin a ƙeƙashe. Daga ƙarshe ka ba shi minti biyu a bushe a 3V don rufin nan mai ruwan ƙasa ya fara kafuwa.

Ra'ayina: wanda zai yi tsere ranar Asabar, ruwa. Wanda zai yi wasa a tsakar gida kuma yana son moton ya daɗe, ta bushe ta fi masa, ba ta cin komai sai haƙuri.

Sabon_Shiga:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. An bi ta bushe da 18650 a 3.7V. Mai farin gwangwanin yana tafiya daidai, gibin ya kusa rufewa, sai dai yana wani ƙiii lokaci-lokaci. Mai 35T ne ya ƙi: bayan minti goma kabon ɗaya ya yi sheƙi duka, ɗayan kuwa rabi ne kawai, ta gefe guda, kuma ta wajensa tartsatsin yake fitowa. A ƙara masa lokaci ne, ko a ƙara wuta?

Mai_Naɗin_Koyil:

Kada ka ƙara ko ɗaya, Malam. Kabon da ya yi minti goma yana cin gefe guda ba lokaci ne ya yi masa kaɗan ba, zamansa ne ba daidai ba.

Ɗaga sifirin ka tura kabon da tsinke. Ya kamata ya zame cikin gidansa shiga da fita ba tare da ya kama ba, kuma ba tare da yana rawa hagu da dama ba. In yana kamawa, duba bakin gidan ko akwai ɗan tsinin ƙarfe da ya rage daga masana'anta, ko kuma siririyar wayar da ke bayan kabon ta maƙale a ƙarƙashin sifirin tana jan sa gefe. Wannan na biyun shi ya fi yawa. Wayar ta bi ta tsaginta a sake, da ɗan rara. Haka in dalma ta tsotsu cikin wayar ta sandare, ba za ta bar kabon ya bi komuteta ba, sai an canza shi.

In duk wannan lafiya, gidan kabon ne ya karkace. Gidajen biyu dole su kalli juna a layi ɗaya da ya ratsa tsakiyar sanda. Cire murfin baya, amma kafin nan ka yi alama a murfi da gwangwani don taimin, wato matsayin kabon dangane da maganaɗisu, ya koma inda yake. Zura wani abu miƙaƙƙe mai faɗin kabon ta gida ɗaya ya fita ta ɗayan. In ya ƙi wucewa, sassauta sukurorin gidan, daidaita, ka ɗaure. Bayan haka kabon da ya ci gefe ya riga ya ɗauki karkatacciyar fuska, sai a sake zaunar da shi daga farko, ko a sa sababbi biyu. Sifirin kuma a gwada su da yatsa, in ɗaya ya fi ɗaya laushi a fili, a canza su tare.

Tunda ka buɗe, duba washa da ke kan sanda gaba da baya, kada ɗaya ta faɗi. Amecha tana son ɗan wasa kaɗan gaba da baya, kamar kaurin takarda biyu. In babu wasa sam, boris zai yi zafi. In ya yi yawa, komuteta za ta riƙa zamewa a ƙarƙashin kabon. Tsagin komuteta a share shi da tsinken sakace, ba da allura ba. Launin da ake so shi ne ruwan ƙasa bai ɗaya a inda kabon ke bi. In ka ga gida ɗaya ya yi baƙi sauran suna da haske, ko dai komutetar ba ta zagaye daidai ba, ko haɗin koyil na wannan gidan ya yi rauni. Sabon moto ne, wannan na mayarwa ne ga mai shago. Kada ka sa samfefa, ba za ka taɓa samun zagaye da hannu ba.

Maganar taimin: yawancin na hawan dutse a sifili suke zuwa, don suna aiki gaba da baya. In naka an ɗan murɗa murfin gaba, kuma ka juya shi ta ɓangaren da ba nasa ba, tartsatsi ba zai taɓa ɗaukewa ba ko kabon ya zauna. Duba alamar da ke jikin murfin.

Ƙiii na mai farin gwangwani kuwa bushin ne ya bushe, galibi na gaba. Ɗigo ɗaya zai yi shiru. Akwai masu sa man goge ƙarfe a bushin don ya saki da wuri. Yana ƙara gudu na ɗan lokaci, sannan ramin ya buɗe, sanda ta fara kaɗawa, kabon ya koma tsalle. Ban ba ka shawara ba.

Abu ɗaya kafin ka ɗaura: ƙananan kafasito uku masu lamba 104, ɗaya tsakanin ƙafafun biyu, ɗaya daga kowace ƙafa zuwa jikin gwangwani. Suna rage hayaniyar tartsatsi da ke rikita risiba, mai karɓar saƙon rimot. Wasu moto da nasu suke zuwa a ciki, ka duba. Dayod ɗin Schottky kuma kada ka sa shi in ESC ɗinka yana da ribas, zai ƙona shi.

Hajiya_Burushles:

Sannunku da aiki. Tambayar burushles ce ba a taɓa ba. Amsar gajera ce: babu kabon, babu komuteta, babu abin zaunarwa. Koyil a tsaye yake a jikin gwangwani, maganaɗisu ne ke juyawa, abin da ke gogar wani abu boris biyu ne kawai. Kada a tsoma shi a ruwa, kada kuma a ɗaga motar sama a danna maƙura don "ya saki". Lissafa ka gani: moto mai 3300KV, wato juyi 3,300 a minti a kowane 1V, a kan 2S cikakke, 8.4V, juyi 27,720 ne a minti. A 3S, 12.6V, ya haura 41,000. Babu kaya a kai, wahalar boris ce kawai da ta abin da ya riƙe maganaɗisu.

Abin da sabon burushles ke so dubawa ne. Sukurorin ɗaurewa M3 ne, in sun yi tsawo suna shiga su taɓa koyil, moto ya ƙone tun bai yi tafiyar mita goma ba. Auna zurfin ramin da tsinke kafin ka ɗaura. Mai sensa, wayoyin A, B, C dole su bi jerinsu. Marar sensa, musanya kowace biyu yana juya ɓangaren tafiya. A saita ESC da rimot ya san tsakiya, maƙura da birki, a kuma tabbatar yana kan tsarin LiPo don ya yanke wajen 3.2V a kowane sel.

Amma ɗan'uwa, ko mai kabon ne ko burushles, abin da ya fi kashe sabon moto giya ce da zafi, kuma duk wahalar da ka sha a tebur minti biyar na farko a ƙasa suna iya rushe ta. Batirin farko a tafi da shi a rabin maƙura a kan siminti ko kwalta, ban da tashi da ƙarfi daga tsaye, ban da ciyawa da yashi, ban da bugawa ribas motar tana gudu. Tsaya bayan minti uku ka auna, sannan bayan biyar. Ma'aunin zafi mai harbi ya fi, a tsaya ƙasa da digiri 70. In babu, ɗora yatsa a gwangwani: ka kasa ƙirga biyar, ya yi yawa. Zafi in ya wuce iyaka yana rage ƙarfin maganaɗisun burushles, kuma ba ya dawowa. A mai kabon yana kashe sifirin, kabon ya canza launi ya koma shuɗi-shuɗi. Ka tuna umarnin da ke cikin kwali ba a rubuta shi da zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri a rai ba. Inda iska kanta ta kai 40, digiri 30 kacal ya rage maka.

Maganin zafi rage haƙoran finiyon ne. TT-02 tana zuwa da babbar giya mai haƙori 70, finiyon 22, rabon giyoyin cikin motar kuma 2.6. Raba 70 da 22 ka ninka da 2.6, ka sami 8.27. Ka sauka zuwa 19, ya zama 9.58: gudu ya ɗan ragu, moto ya sami sauƙi. Finiyon ɗin ya zama mai mojul 0.6, wato ma'aunin girman haƙoransa, don mai ma'aunin 48P yana kama da shi a ido amma yana cinye babbar giya. A TT-02 ramukan mazaunin moto suna da lamba daidai da haƙoran finiyon, ka sa a ramin da ya dace. A motocin da ake zame moto da hannu, saka guntun takarda tsakanin giyoyin biyu, matsa, ɗaure, sannan ka zare takardar. Ƙaramin sukurun finiyon ya hau kan shafaffen gefen sanda, a ɗaure shi da alanki 1.5.

Lokacin hunturu kuma ƙura tana shiga mai kabon ta ramukan iska ta zama samfefa a kan komuteta. Bayan kowane batir uku ko huɗu a wanke da sifirit a sake ɗigon mai, kabon kuma a canza shi tun ya kai rabin tsawonsa, kafin sifirin ya rasa abin dannawa.